A Kan Layi Ta Faɗi

"Ke Bahaguwa! Wai kunnen ƙashi ne da ke, ko raini ne?"

Baba ne ke faɗa daga ƙofar falo, kofin shayi a hannunsa, ya kasa zama ya kasa sha. Haka yake duk ranar wasa. Ya je taga ya dawo, ya duba agogo, ya gyara kofunan gasa da ke jere a kan kanta alhali babu abin da ya same su. Shekara talatin ya yi yana koyar da wasanni a makaranta, da ya yi ritaya sai ya juye duk burinsa a kan 'ya'yansa mata biyu. Tun ba su kai tsawon raga ba ya damƙa musu raket ya haɗa su wasan tanis na bibbiyu, babbar da hannun dama, ƙaramar da hagu. Sun ci kofunan yara har kanta ta cika. Yanzu ga su a jami'a ɗaya, yau kuma za su buga wasan kusa da na ƙarshe a gasar jami'o'i.

"Jiya wajen atisaye, ƙwallo nawa kika ƙwace wa yayarki? Na ƙirga, goma sha ɗaya! Kowa da ɓangarensa, ke kuma kin zama haɗamammiya, ko'ina sai an gan ki!"

"Ka yi haƙuri Baba."

"Kullum haƙuri, gyara kuwa babu!"

Bahaguwa ta sunkuya tana ɗaure igiyar takalmi, ta saci kallon Yaya. Yaya ta cusa kai cikin jaka kamar mai neman allura.

Ba haɗama ba ce, kuma su biyun sun sani. Wata huɗu ke nan da Yaya ta ja ta cikin ɗaki ta rufe ƙofa, ta gaya mata idonta na hagu yana dushewa. Ta je asibiti a ɓoye, likita ya ce aiki za a yi, kuma wata shida ba wasa. "Shekarata ta ƙarshe ce a jami'a," in ji Yaya tana kuka. "In Baba ya ji, shi ke nan na yi sallama da kofin nan. Ki rantse ba za ki faɗa ba, in an gama gasa ni zan faɗa da bakina." Bahaguwa ta rantse. Tun daga ranar take gudun mutum biyu a fili, duk ƙwallon da ta nufo hagun Yaya sai ta yi tsalle ta tare ta, ta sha faɗa a kai, ta haɗiye.

Mama ta fito daga kicin da gorunan ruwa biyu. "Malam, ka bar min yara su tafi da kwanciyar hankali. Ke kuma yau sai ki kama kanki, kar ki ga ƙanwar miji a gaba hannu ya mutu."

"Kai Mama! Wane miji kuma?"

"Au, ba ki san shi ba? To bari in ce wa iyayensa su fasa zuwa sati mai zuwa."

Bahaguwa ta rufe fuska da tawul, har Baba sai da ya murmusa. Wanda ake magana a kai shi ne Mai Tsirkiya, saurayin da ke da ɗan shago a bayan filin wasa na jami'a, inda yake saƙa wa raket sabuwar tsirkiya in ta tsinke. Shekara biyu suna son juna, kuma Baba ya yaba da shi, yakan ce yaron yana da hannu kuma ba shi da surutu. Sai dai ƙaddara ta haɗa su yau da ƙanwarsa, Guntuwa, wadda ke buga wa wata jami'a.

Filin da aka ba su shi ne na can ƙarshe, jikin katanga. Kujerun 'yan kallo duk a gefe guda suke. A irin wannan mataki ba a sa alƙalin layi, kowane ɓangare shi ke faɗin ko ƙwallon da ta faɗo wajensa ta shiga ko ta fita. Ƙa'idar kuma a sarari take: in abokan wasa biyu suka saɓa, ɗaya ya ce waje ɗaya ya ce ciki, makin na abokan hamayya ne.

Aka gwabza. Guntuwa ba ta da tsawo amma Allah ya ba ta wayo, ba a yi nisa ba ta gano inda ake ɗingishi, ta dinga aika ƙwallo hagun Yaya. Bahaguwa ta yi gudu har ƙirjinta na zafi. Suka ci zagayen farko, aka cinye su na biyu. A na uku aka yi ta ja-in-ja har aka zo inda saura maki ɗaya su Guntuwa su tafi da wasan.

Guntuwa ta ɗaga ƙwallo sama, ta wuce kan Yaya ta gefen hagu, ta sauka a kusurwar da ke jikin katanga.

"Waje!" Yaya ta ɗaga yatsa.

Baba ya miƙe yana tafi. Bahaguwa kuwa tana tsaye taku uku daga wurin, kuma ta gani da idonta. A kan layi ta faɗi, ɗaram, farin fenti ta taka. In ta yi shiru babu wanda zai sani. Amma mutumin da ke tafin nan shi ne ya taɓa fitar da ita daga fili tana 'yar shekara tara don ta saci layi, ya ce ɓarawon layi da ɓarawon akuya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

"Ta shiga," ta ce.

Yaya ta juyo. "Me kika ce?"

"Sori Yaya. Ta taɓa layi."

Tafin Baba ya tsaya a iska. Guntuwa da abokiyarta suka rungume juna suna ihu. Can bayan kujeru Mai Tsirkiya yana tsaye, bai yi tafi ba, ya dai dafe kai.

Suna shiga gida Baba ya jefar da makulli a kan tebur.

"Nawa suka saye ki? Au, na manta, ba sai an biya ba. Kyauta kika bayar, toshiyar dangin miji!"

"Wallahi Baba a kan layi ta faɗi. Kai ka koya mana..."

"Rufe min baki! Yayarki ta fi ki shekaru a fili, ta ce waje, ke uwar iya kika ƙaryata ta a gaban jama'a. Shekara goma sha biyar ina tashi da ku kafin rana ta fito. Shekararta ta ƙarshe! Kika ɗauka kika miƙa wa ƙanwar saurayi kamar ragowar abinci!"

"Malam, a bi a hankali," in ji Mama.

"Ke ma da bakinki kika faɗa da safe! Ga shi hannun ya mutu. To a gaya wa iyayensa kar su wahalar da takalmansu. Yaron da tun bai shigo ba ya raba min 'ya'ya, in ya shigo sai ya raba ni da rufin ɗaki. Na soke maganar!"

Bahaguwa ta zube a ƙasa tana kuka. Ta ɗago ta kalli Yaya, kallon mai nutsewa da ya hango igiya. Kalma ɗaya ta isa. Yaya ta buɗe baki, ta kalli fuskar Baba, sai ta rufe, ta shige ɗaki.

Tsoro mugun abu ne. Yakan mai da mutumin kirki azzalumi ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya gidan ba daɗi. Bahaguwa ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauki littafi ta ajiye, ta share ɗakin da aka share, ta fita tsakar gida ta yi ta dukan ƙwallo a bango har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. A makaranta ma ba ta tsira ba. In ta shigo ɗakin canza kaya sai 'yan ƙungiyarsu su yi shiru, wata ta ce, "Ku matsa wa amarya, kar ta ce mun fita layi." A yi dariya.

Ran nan da la'asar ta tarar da Yaya ita kaɗai a ɗaki tana ƙoƙarin zura zare a allura, ta rufe ido ɗaya.

"Yaya, an gama gasa."

"Na sani."

"Kin ce in an gama za ki faɗa."

"Na ce na sani! Ki bar ni in samu lokacin da ya dace."

"Sati uku fa! Ni ake zagi, ni aka raba da wanda nake so, ke kina neman lokaci? Filis Yaya, ko don idonki!"

Yaya ta jefar da allurar. "Da kin yi shiru ranar, da duk ba a zo nan ba! Maki ɗaya! Wa ya aike ki?"

"Kin gan ta ta fita?"

Yaya ta kau da kai.

"Yaya, ki dube ni. Kin gan ta?"

"Ki je ki faɗa mana, tunda ke ce sarkin gaskiya! Ki karya rantsuwar, ki ce wa Baba wata huɗu muna yi masa wasa da hankali. Ki ga in zai ƙara kallon ɗayanmu!"

Bahaguwa ta fita tana share hawaye. Har ƙofar ɗakin Baba ta kai, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai rantsuwar ta riƙe mata wuyan hannu. Ta juya.

Washegari ƙafarta ta kai ta bayan filin wasa ba tare da ta yi shawara da ita ba. Mai Tsirkiya yana tsaye gaban injinsa, ya ɗaure wani raket yana jan tsirkiya. Da ya gan ta sai ya tsaya, amma bai fito daga bayan tebur ba.

"Baba ya san kin zo?"

"A'a."

"To ki koma."

"Haka za ka ce min? Sati uku ko kira babu! Ko kai ma ka yarda don kai na yi?"

Ya yi 'yar dariya mai ciwo. "Ni? Ai na san ki. Ranar da na yi kuskuren jan tsirkiyarki da yawa, wa ya tsaya a nan ya yi min wa'azin awa ɗaya? Ko uwata ce ta buga ƙwallon nan ta fita, waje za ki ce. Amma mahaifinki ya ce in nisance ki. In na bi ta bayan gida yau, da wane ido zan shiga ta ƙofa gobe?"

"To sai yaushe?"

"Ban sani ba. Ki yi haƙuri, ni ma ba barci nake ba." Ya sunkuyar da kai. "Baba ya aiko in mayar masa da duk raket ɗinku da ke wurina. Gobe zan kai."

Ta koma gida tana jin haushinsa tana kuma ƙara sonsa, ta rasa wanne ya fi yawa.

Washegari da hantsi Mai Tsirkiya ya yi sallama. Baba ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, bai ce ya shigo ba. Bahaguwa tana bayan labule, Mama na riƙe da gefen rigarta.

Mai Tsirkiya ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye jaka. "Ga su Baba, guda shida."

"Ajiye ka tafi."

"To Baba. Sai dai uku daga ciki ban gyara ba, na bar su yadda suka zo. Na Yaya ne. Ina roƙon ka duba su kafin a ba wani."

"Kai za ka koya min duba raket?"

"Wane ni. Shi ya sa na ce kai ka duba. Ni na daɗe ina gani ina ce wa kaina ba hurumina ba ne, kuma na yi kuskure da na yi shiru. Ba don maganata na zo ba, wannan ka riga ka yanke. Na bar ka lafiya."

Ya tashi ya tafi bai waiwayo ba.

Baba ya yi tsaki ya shuri jakar. Ya shiga falo, ya fito, ya sake shiga. Mai sana'a dai ba ya iya kau da kai daga sana'arsa. A karo na uku ya tsuguna ya zuge jakar, ya zaro raket ɗin Yaya ya ɗaga shi a hasken rana.

Duk wanda ya san tanis ya san gwani a tsakiya yake cinye tsirkiya, don nan ƙwallo ke sauka kullum. Wannan kuwa tsakiyarsa lafiya lau kamar sabo. A can gefe tsirkiyar ta tsinke, jikin firam ɗin da ya zagaye ta, firam ɗin ma duk ya ƙuƙƙuje. Ya zaro na biyu, haka. Na uku, haka, wuri ɗaya kamar an auna. Yarinyar da ya koya wa dukan ƙwallo tun tana shekara shida, wadda ko a mafarki ba ta kuskure tsakiya!

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe ya ɗauki ƙwallo ɗaya.

"Ke babba! Fito tsakar gida."

Yaya ta fito.

"Tsaya nan. Kalli ƙofar can, kar ki juya kai."

Ya koma damanta ya jefo ƙwallon a hankali, ta cafe. Ya zagaya hagunta ya sake jefowa, jifan da ɗan yaye zai kama. Ƙwallon ta bugi kafaɗarta ta gangara ƙarƙashin kujera. Ko ƙiftawa ba ta yi ba sai da ta ji taɓin.

Mama ta saki salati.

"Tun yaushe?" in ji Baba.

Yaya ta durƙushe ta fashe da kuka. "Wata biyar Baba. Likita ya ce aiki. Na ji tsoro ka cire ni. Ni na sa ta rantse. Ƙwallayen da take ƙwacewa, rufa min asiri take. Ta ranar nan kuwa... wallahi ban ma gan ta ba. Ƙararta kawai na ji, na ce waje."

"Kika bar ni ina zagin ƙanwarki sati uku?"

"Na ji tsoro..."

"Tsoron wa? Dodo ne ni?"

Mama ce ta share ido ta ce, "Tunda ka tambaya, Malam, bari in gaya maka. Gidan da 'ya ta gwammace ta makance da ta ce wa ubanta ba za ta iya wasa ba, ai ba sai an nemi dodo a waje ba. Laifi tudu ne."

Baba ya nemi kujera ya zauna. Ya dubi Bahaguwa da ke rakuɓe jikin bango.

"Zo nan." Ta matso. "A kan layi ta faɗi?"

"A kan layi Baba."

"Na zalunce ki. Abin da na shuka da hannuna ya tsiro, na sa ƙafa na tattake. Ki yafe min."

"Haba Baba, ni ban riƙe ka ba."

"Amma ki saurara, don ke ma ba ki fita ba. Kin iya faɗin gaskiya a kan ƙwallo, kika kasa faɗinta a kan idon 'yar'uwarki? In da ya tafi gaba ɗaya, rantsuwar ce za ta yi mata jagora?"

Bahaguwa ta sunkuyar da kai, don ta san ya fi ta gaskiya. Yaya ta rarrafo ta kama ƙafarta tana neman gafara, suka rungume juna suna kuka har Mama ta ce ya isa haka, a bar wa idon sauran ruwan da likita zai gani.

A ranar aka kai Yaya asibiti. Likita ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya ce an zo a makare. Aka yi aiki, idon ya tsira, amma bai dawo yadda yake ba. Tana karatu, tana tuƙi da tabarau, gasa kuwa ta yi sallama da ita har abada. Wata biyar ɗin nan da aka ɓoye su suka ci wannan rabon.

Ranar aikin, bayan kwana biyu, daga asibiti Baba bai wuce gida ba. Ya ajiye mota a bayan filin wasa, ya shiga ɗan shagon da ƙafarsa. Mai Tsirkiya ya zabura zai durƙusa.

"Tashi. Ni na zo ba da haƙuri, ba kai ba." Ya ɗan yi gyaran murya yana kallon injin. "Ka ce wa iyayenka ina jiransu. Kuma ka zo ka kwashi raket ɗin nan, wanda na kai wa jiya ya ja min su kamar igiyar shanya."

Bayan shekara aka yi auren. Bahaguwa ta ci gaba da buga wa jami'arta da sabuwar abokiya, Yaya kuma ta zama mai ba su shawara daga benci, bakinta ya fi na Baba zafi.

To 'yan mata, ku ji da kyau. Wanda ya tsaya a kan gaskiya zai sha zagi, wani lokaci daga bakin wanda ya koya masa ita, amma in ya yi haƙuri ita za ta wanke shi. Saurayin da ya ƙi bin bayan gida shi ake buɗe wa ƙofar gaba. Sai dai kar ku ruɗe ku ce kowane shiru haƙuri ne. Sirrin da zai cuci mai shi ba amana ba ne, ku kai shi gaban manya tun da sauran gyara. Ku kuma iyaye, ɗan da ke tsoronku fiye da ciwonsa, ku binciki kanku kafin ku bincike shi.